Gidan Maharazu Mai Jela

Duk wanda ya taɓa tsayawa a harabar masallacin Regent's Park bayan an sallame Juma'a ya san muryar Maharazu, ko da bai san fuskarsa ba. Mutumin Funtuwa ne, gajere mai faɗin ƙirji, mai gadi a wani babban kanti. Amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya waiga hagu da dama, ya rage murya, ya ce, "Harkar tsaro ce, ba a cika son mu yi bayani ba." A bakinsa, ya taɓa tuƙa tirela daga Funtuwa har Legas da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana ɓare gyaɗa. Waɗanda suka san shi a gida sun ce lallai ya je Legas a tirela, amma a kan buhunan albasa.

To, matarsa Shafa'atu tana ɗauke da cikin fari, ya tsufa. Mahaifiyarta, Hajiya Suweiba, ta samu biza za ta zo daga Malumfashi ta yi mata wankan jego. Nan magana ta tashi. Maharazu da Shafa'atu a Catford suke, a flat mai ɗaki ɗaya, irin wanda in ka yi atishawa a banɗaki na kicin ne zai ce maka yarhamukallahu. Yayan Shafa'atu kuwa, Dokta Umar Faruq, likitan haƙori, gida gare shi a Dagenham, sama da ƙasa, fili a gaba, lambu a baya.

Wata Juma'a ana ta gaishe-gaishe, Dokta ya dafa kafaɗar Maharazu a gaban jama'a.

"Ai magana a fili take," in ji shi. "Umma ta sauka a wurina, Shafa'atu ta dawo can ta yi arba'in, suna ma a yi shi can. Kai sai ka riƙa leƙowa ranar Lahadi kana ganin jariri."

"Ranar Lahadi?"

"Ko Asabar, in ba ka duty."

Aka yi dariya. Maharazu ya gyara zaman hularsa, ya ɗaga murya yadda har masu ɗaura takalmi a bakin ƙofa za su ji.

"Yaya Dokta, haihuwata ta fari ba za a raɗa suna a ƙofar wani ba. A ƙofar gidana za a yi. Hajiya kuma a masaukina za ta sauka."

"Wane masaukin? Bayan kujera?"

"Gida guda zan ba ta. Ɗaki, falo, kicin, banɗaki."

"A London ɗin nan?"

"A London ɗin nan."

Jama'a suka ce Allah ya kai mu, da irin muryar da ake faɗa wa wanda ya ce gobe zai daina shan shayi.

A gida Shafa'atu ta saurare shi tana dafe da baya, ta bari ya gama.

"Malam, ni ba ruwana da abin da ka faɗa a masallaci. Sharaɗina ɗaya ne. Umma ba za ta buɗe ido da safe ta gan ka ɗaure da tawul ba. Ka san ta. Ranar da ka je gaisuwar surukai bango ta juya wa fuska ta amsa maka. In ka samo inda za ta kwana, ta yi alwala, ta ci abinci, ba tare da kun haɗa ido ba, na zauna. In ba haka ba, Dagenham."

"An gama," in ji Maharazu. Dama ya kwana biyu yana kallon tsofaffin Turawa a waya suna yawon duniya a gidaje masu taya, suna soya ƙwai a bakin teku.

Washegari ya ƙwanƙwasa wa maƙwabcinsa na ƙasa, Abukari, mutumin zangon Kumasi, mai rarraba doya da ayaba a shaguna da wata tsohuwar a-kori-kura. Hausar Abukari ba ta san mace ba, kowa a wurinsa "shi" ne. Suka kama hanya har bayan gari, wani fili da ake ba da hayar irin waɗannan gidaje. Mai wurin Bature ne mai jan wuya, da wani kare da ya gaji da duniya.

Iri biyu ya nuna musu. Na farko suna ce masa fifth wheel: gida ne zungurere mai tayoyi a baya, gabansa ya ɗaga wuya kamar raƙumi na leƙen katanga. Wuyan nan ake ɗorawa a bayan a-kori-kura a ƙulle, ɗakin kwana kuwa a cikin wuyan yake. Na biyu motorhome: gida da injinsa a jikinsa, kamar bas ta yi aure ta tare da kayan ɗakinta, sannan a ɗaura ƙaramar mota a bayanta da sandunan ƙarfe, ta riƙa bi kamar ɗan akuya. Nan take Maharazu ya raɗa musu suna, mai wuya da mai jela.

"Massa, ɗauki mai wuya," in ji Abukari. "Ka ajiye shi, ka cire mota, ka tafi. Hajiya shi kaɗai, kai kaɗai. Ga mota na yana nan, shi zai ja."

"Mai jela fa? Mota biyu nake tuƙawa a lokaci ɗaya. Dokta da duk karatunsa ɗaya yake iyawa."

"In inji ya lalace fa? Gidan Hajiya ya tafi gareji. Hajiya zai kwana wurin makanike?"

"In doyarka ta kira ka da asuba fa? Gidan Hajiya ya zama gurgu."

"Mai wuya yana da falo babba."

"Mai jela tana da kwarjini."

"Kwarjini ba a kwana a ciki, Massa."

Suka yi ta yi har kare ya kwanta ya rufe ido. Da Bature ya ga rana za ta faɗi a kansu, ya ce su gwada ɗaya, in bai yi ba su dawo su ɗauki ɗayan. Aka kafa wani farantin ƙarfe a bayan a-kori-kura, tsakanin doya da doya, domin Abukari ya ƙi a sauke masa kaya. Aka ɗora wuya, aka ƙulle.

Da hantsin washegari suka shigo layinsu a Catford. Layin dama motoci ne hagu da dama, abin da ya rage a tsakiya bai fi tabarma ba. Tun daga kwana gindin gidan ya ɗebi kwandon sharar wata tsohuwa ya taho da shi. Labule ya fara motsi gida-gida. Maharazu ya diro ya tsaya a tsakiyar titi yana karkaɗa hannuwa kamar mai saukar da jirgin sama.

Taga ta buɗe, Abibatu matar Abukari ta leƙo.

"Abukari! Wannan kwantena daga wane jirgi ka sato shi? Doyan mutane fa?"

"Gida ne, Abibatu."

"Gida? To gidan ya biya council?"

Shafa'atu ta sauko a hankali. Maharazu ya tarbe ta a ƙofar gidan da murmushin mai raba fili.

"Shigo ki ga ikon Allah. Kin ga falon nan? Yanzu zai ƙaru."

Ya danna wani maɓalli. Bango ya yi ƙara, ya fara tafiya waje. Falo ya ƙaru da gaske, sai dai ta wajen titi ya ƙaru, ya cinye ɗan abin da ya rage na hanya. Daidai lokacin motar askirim ta shigo layin tana kiɗanta, ta tsaya cak. Motoci suka jeru a bayanta. Maharazu ya sake danna maɓallin, ya danna da ƙarfi, ya murɗa, sai ga maɓalli a tafin hannunsa.

"Haka ake cire shi," ya ce, ya jefa a aljihu. "Saboda yara."

"Ina ɗakin kwanan?"

Ya nuna mata wata 'yar matakala da ta hau cikin wuya.

"Umma ce za ta hau nan da gwiwarta? Matar da ke sallah a kan kujera?"

"Ai motsa jiki ne. Tsaya ki ga laushin katifar."

Ya haye ya miƙe a kan gado, ya harɗe hannuwa a ƙeya. A waje kuwa ana ta oda, kiɗan askirim bai fasa ba, Abibatu tana ta kiran sunayen shagunan da ke jiran doya. Abukari ya ruɗe. Ya zare ƙarfen da ya ƙulle wuyan, ya shiga mota, ya ja. Abin da bai yi ba shi ne sauke ƙafafun gaba da gidan zai tsaya a kansu.

Wuya ya sulluɓe daga faranti ya faɗa kan doya, tim! Maharazu ya gangara da katifa da matashi ya tattaru a lungu, ƙafafu a sama. Shafa'atu, da Allah ya sa ta riga ta sauko, ta leƙa bayan a-kori-kura.

"Abibatu," ta ce, "ɗora miya. An gama sakwara."

Kafin a zaƙulo Maharazu, wata ma'aikaciyar council, wato ƙaramar hukuma, ta iso da 'yar na'urarta tana ɗaukar hoto ta gaba da ta baya. Da ya fito ya ga ana hoto, sai ya kakkaɓe riga, ya dafa gidan da hannu ɗaya, ya ɗaga haɓa. Matar ta ɗauka har da shi.

"Dama ni," in ji shi da yamma, bayan an zo an janye gidan, "tun farko zuciyata tana kan mai jela. Don kar in ɓata wa Abukari rai ne."

Suka koma wurin Bature. Aka kawo mai jela, aka ɗaura mata 'yar tsohuwar motar Maharazu a baya, wata ja da yake kira Gimbiya. Bature ya tsaya yana bayani tiryan-tiryan, yana nuna sandunan ƙarfe, yana ɗaga yatsa, yana girgiza kai. Maharazu kuwa ya kira abokansa na Funtuwa ta bidiyo yana nuna musu firij. Duk sanda Bature ya ɗaga yatsa sai ya ce, "Yes, yes, no problem," ya koma kan waya. "Kun ga nan? Nan kankara take fitowa." Abukari yana gefe yana kankare doya daga jikin motarsa da cokali, kunne ɗaya a wurin Bature, ɗaya a wurin asararsa.

Jirgin Hajiya ya sauka da safiyar Juma'a. Aka shirya Dokta ya ɗauko ta ya kawo ta masallaci, in an idar ta ga masaukin da idonta, ta zaɓa: Catford ko Dagenham.

Maharazu ya riga ladan zuwa. Ya jera mai jela a gefen titi, ya sha babbar riga mai aska, ya turara cikin gidan da turaren wuta har na'urar hayaƙi ta kama ihu, sai da Abukari ya danne ta da matashi. Da aka sallame, jama'a suka yi dafifi. Maharazu ya tsaya a matakala yana karɓar gaisuwa.

"Malam Maharazu, wannan duk naka ne?"

"Somin-taɓi ne."

"Ita ƙaramar fa, me ya same ta?"

"Hutawa take yi. Ta yi wa ƙasa aiki."

Sai ga Dokta da Shafa'atu sun sako Hajiya Suweiba a tsakiya. Doguwa ce siririya, da farin gilashi, carbi a hannun dama, lema a hagu. Maharazu ya diro ya durƙusa a kan titi, ido a ƙasa.

"Barka da sauka, Hajiya. An zo lafiya? Ya mutanen gida?"

Hajiya ta dubi fitilar titi ta amsa mata. "Lafiya lau. A ce masa ya tashi."

Shafa'atu ta kama hannunta suka shiga. Hajiya ta buɗe wata 'yar ƙofa.

"Wannan wadirof ɗin fa?"

"Banɗaki ne, Umma."

"Nan za a yi wankan jego? Ganyen darbejiyar ma ba zai samu wurin juyawa ba."

Ta taɓa katifa. Ta buɗe firij, ta rufe. Daga nan idonta ya kai kan kujeru biyu da ke gaba.

"Waccan kujerar ta wane ne?"

"Ta direba."

"Wane ne direban?"

Shafa'atu ta dubi rufi. "Shi ne."

"Wato ɗaki ɗaya ke nan? Ni a bakin gado, ƙeyarsa a gabana? Ko labule babu?"

Saukar da ta yi ta fi hawan sauri, gwiwa ko ba gwiwa. Dokta ya fito da makullinsa yana kaɗawa.

"Umma, mota tana can gaba kaɗan."

Maharazu ya ga suna yana tafiya Dagenham a kan idonsa. Sai Allah ya sa Hajiya ta tsaya, ta nuna Gimbiya da lema.

"Wannan 'yar fa, da aka ɗaure?"

Maharazu ya sake durƙusawa, ya yi wa kwalta magana. "A gaya wa Hajiya, ai wannan ita ce sashenta na tafiya. Ita kaɗai. Ba direba, ba kowa. In an isa kuma, babban gidan nata ne, ni in hau sama ɗakinmu."

Hajiya ta gyaɗa wa fitilar titi kai. "To, yanzu na ji magana. Yaron yana da kunya."

Ta buɗe baya ta shige, ta ɗora lema a cinya. Dokta ya matso.

"Maharazu, ka tabbata ana zama a cikin wannan in ana jan ta?"

"Yaya Dokta, kai haƙori ka karanta. Bar wa masu tirela harkar tirela."

Ya haye kujerar direba, Shafa'atu a gefensa, Abukari a teburin cin abinci yana riƙe da kofuna kar su zube. Yana tayar da inji wani allo ya kunnu a gabansa. Rabinsa taswirar hanya, rabinsa hoton abin da ke baya. Abin da ke baya kuwa Hajiya ce, zaune daram, gilashinta yana kallonsa. Maharazu ya zabura, ya cire hula ya kifa a kan allon.

"Me ka rufe?" in ji Shafa'atu.

"Ba zan tuƙa ina kallon surukata ido cikin ido ba."

"Taswirar fa?"

"Taswira tana nan." Ya ƙwanƙwasa goshinsa.

Aka ɗaga. Da fari lafiya lau. Hanya miƙaƙƙiya, ba ƙarar inji, ba warin mai. Hajiya ta jingina tana jan carbi, har ta ce a ranta Turai dai Turai ce.

Sai aka zo kwana. Sitiyarin Gimbiya ya juya hagu da kansa, a hankali, cikin natsuwa, sannan ya dawo daidai. Haka motar da ake ja take yi, tayoyinta na bin ta gaba, sitiyari na bin tayoyi. Amma ba wanda ya gaya wa Hajiya. Ta cire gilashi, ta goge da gefen mayafi, ta mayar. Aka sake kwana. Sitiyari ya juya dama.

"Salamu alaikum," in ji Hajiya, tana duban kujerar direba.

Ta ƙara miƙa wuya gaba.

"Na ce salamu alaikum."

Sitiyari ya ɗan girgiza.

Hajiya ta ja a'uziyya da ƙarfi, ta kama duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kasuwa. Ta murɗa gilashin taga ƙasa, ta fito da lema tana kaɗawa.

"Jama'a! Ku tsayar da shi! Akwai wani a ciki!"

Masallata da ke tafiya tashar jirgin ƙasa a gefen titi suka ga dattijuwa tana ɗaga musu lema, suka ɗaga hannu.

"Sannu da zuwa, Hajiya! Barka da hanya!"

Maharazu ya ji sowa, ya danna oda sau biyu yana murmushi. "Kin ji ko? London ta karɓe ta."

Dokta da ke biye a motarsa ya yi ta walƙa fitila. Shafa'atu ta hango a madubi.

"Malam, Yaya yana maka fitila."

"Hassada ce. Kar ki kula."

"Cire hular nan mu ga Umma."

"Ki bar mutunci a inda yake."

"To ina muka nufa? Wannan ba hanyarmu ba ce."

"Yanke ne."

Yanken nan wani ɗan lungu ne na masu hali, daɓen duwatsu, ƙofofi masu sheƙi, tukwanen furanni a jere a kowace ƙofa. Suka yi ta shiga, lungu yana ƙara tsukewa, har suka yi kiciɓis da bango. Ba gaba.

"Da can hanya ce," in ji Maharazu. "Sun toshe ba su sanar ba. Abukari, sauka ka duba min baya."

Abukari ya ajiye kofuna ya sauka. Ya tsaya can nesa yana yafito.

"Zo, Massa. Zo. Zo, zo, zo."

Maharazu ya sa giyar baya. Mai jela ta tura, Gimbiya ta ƙi. Tayoyinta suka karkace, sitiyari ya kama juyi kamar an kunna fanka. Nan haƙurin Hajiya ya ƙare. Ta miƙe ta rufe shi da duka da lema, kowane bugu yana sauka a kan oda. Pim! Pim! Pim!

"Ka ji, tana cewa in ci gaba," in ji Maharazu, ya ƙara taka mai.

"Zo, Massa, zo... a'a... zo kaɗan... kai!"

Gimbiya ta naɗe gefe, gindinta ya hau dakalin wani gida, ta share tukwanen furanni ɗaya bayan ɗaya, ta zo ta manne da haƙarƙarin mai jela. Sandunan ƙarfe suka lanƙwashe suka yi ƙara. Komai ya tsaya. Wata tukunya ta gangara ita kaɗai har ƙarshen lungu, ta fashe a can.

Abukari ya zagayo wajen tagar direba yana sosa kai.

"Massa, yanzu na tuna. Bature ya ce wannan ba a reverse da shi."

"Sai yanzu?"

"Ya ce kuma mutum ba ya zama a cikin ƙaramin. Ya faɗa sosai. Lokacin kana nuna kankara."

Kafin Maharazu ya sauko, lungu ya cika. Masu gidaje sun fito, wata Baturiya tana rungume da ragowar furenta kamar an mata rasuwa. Masallatan da suka biyo sowa sun iso, kowa waya a sama. Dokta ya ajiye mota a bakin lungu ya sheƙo a guje. Ga ɗan sanda yana tahowa a hankali, irin tafiyar wanda ya san ba inda za a gudu.

Ƙofar Gimbiya ta buɗe. Hajiya Suweiba ta fito, mayafi a karkace, lema ta koma tsinke uku da ƙyalle. Maharazu ya zube a ƙasa, kai ba hula, ido a duwatsu. Hajiya ba ta nemi fitilar titi ba, ba ta nemi bango ba. Ta taka har gabansa.

"Kai. Ɗago."

Shafa'atu ta dafe baki. Tun da aka ɗaura aure ba a taɓa jin Hajiya ta yi masa magana kai tsaye ba.

"Na ce ɗago ka dube ni. Wa ka ɗauka ya tuƙa ni?"

"Hajiya, ai ba kowa..."

"Na san ba kowa! Shi nake tambaya! Na yi masa sallama sau biyu bai amsa ba. Ba ma Musulmi ba ne!"

Wani a cikin taro ya fashe da dariya, ya mayar da ita tari. Ɗan sanda ya tambaya wane ne ke kula da ƙaramar motar lokacin da abin ya faru. Dokta ya fassara wa Hajiya.

"Ka ce masa yana ciki. In yana da ƙarfin hali ya shiga ya kamo shi. Na dai rage masa ƙarfi."

Maharazu ya buɗe baki zai fara bayanin yadda ake yi a hanyar Legas, sai murya ta fito daga ƙofar mai jela.

"Yaya." Shafa'atu ce, ta riƙe ƙofa da hannu biyu. "Kawo mota. Abin ya zo."

Nan da nan aka manta da furanni. Hajiya ta jefar da ragowar lema ta kama 'yarta, Dokta ya kama ɗaya gefen, mata suka buɗe hanya ana ta sannu. Maharazu ya tattare babbar riga zai bi, ɗan sanda ya ɗaga hannu ya nuna masa mai jela, ya nuna Gimbiya, ya nuna dakali. Haka yana tsaye yana ba da suna da adireshi motar Dokta ta ɓace a kwana.

Mace aka haifa, lafiyayya, mai murya irin ta ubanta. Daga asibiti Dagenham aka wuce, ba wanda ya ko tambayi ra'ayin kowa.

Saura mai jela. Hayar wata biyu Maharazu ya sa hannu a kai, Bature ya ce ba fashi. Council ɗin su kuwa, da hotonsa a hannunsu yana dafe da mai wuya, suka ce ko tayarta ɗaya kar su gani a layin. Aka duba duk London, wuri ɗaya ne za ta shiga: filin gaban gidan Dokta. Can aka kai ta, Gimbiya kuma aka sauke ta a gefe. A nan Maharazu ya tare. Hajiya a sama, shi a waje, abincinsa ana miƙo masa ta taga. Ba tawul, ba haɗa ido. Sharaɗin Shafa'atu ya cika ba ragi. Kullum da safe Hajiya takan fito ta zagaya Gimbiya ta yi tofi, sitiyarin kuwa ta sa an ɗaure shi da igiyar shanya.

Ranar suna aka tashi da ruwan sama. Falon Dokta mata sun cika shi, maza suka rasa mafaka, suka dunguma ƙarƙashin rumfar mai jela. Liman, saboda sanyi, aka shigar da shi ciki aka juya masa kujerar direba. A nan ya yi addu'a, a nan aka sanar da suna: Suweiba, za a riƙa kiranta Ummi. Da labari ya kai sama, an ce Hajiya ta dubi bango ta ce, "A ce masa an gode."

Juma'ar da ta biyo, tun daga bakin ƙofar masallaci ake jin muryarsa.

"Na faɗa ko ban faɗa ba? A ƙofar gidana aka raɗa suna. Liman ma a kujerata ya zauna."

"A filin wa?" in ji Dokta.

"Yaya Dokta, wa ya shigo da fili cikin maganar?"

Ana cikin dariya wani ɗalibi mai suna Uwaisu, sabon aure, ya ja shi gefe da gaske. Ya ce su ma flat ɗinsu ɗaki ɗaya ne, surukarsa tana zuwa bazara, shin wanne ya fi, mai wuya ko mai jela?

Maharazu ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Ka zo wurin da ya dace. Amma kafin in ba ka shawara, gaya min abu ɗaya. Surukar taka tana riƙe lema?"